Kafin a Ci Ta Tara, a Je a Gaishe Ta

Na san wasu sun baro tukunya a kan murhu, wasu daga ruga suka tako, don haka ba zan cinye muku rana ba. Masu makulli, ku ɗan riƙe su tukuna. Kafin a buɗe akwati yau ina so mu taɓa wata magana da ba a rubuta ta a littafin zubi, amma sau da yawa ita ke sa a ga giɓi a cikinsa. Maganar matar da zuciyarta ta yi mata nauyi.

Da kuskurena zan fara, don kada wata ta ce yarinya ta zo tana yi wa iyayenta wa'azi.

Kun tuna damanar 2020, lokacin da kogin Kwara ya cika ya batse, ya kwashe shinkafar mutane a faɗin jihar Kebbi. Ga shi kuma tun watan Agustan 2019 an rufe iyaka, mu nan Ka'oje da abincinmu ke haɗe da tsallaken Benin mun ji a jikinmu. A shekarar na fara wannan aiki, takardar difloma tana sabuwa a jakata, ni kuma a ganina doka ita ce komai. A wata ƙungiya da nake kula da ita akwai wata yarinya, ba zan faɗi sunanta ko ƙauyensu ba. Daga wani gari aka auro ta, haihuwarta ta fari ke nan. Ta karɓi rance a akwati don ta sayi shanshera ta turara ta kai inji ta sayar. Ruwa ya zo, shanshera ta yi tsada, jari ya narke. Maigidanta ya tafi neman kuɗi. Ta gama wankan jego a gidan iyayenta, ta yi arba'in, aka maido ta ɗakinta. Mako na farko ba ta zo zubi ba. Na biyu ba ta zo ba. Na uku na ce wa sakatariya ta rubuta mata tara, a kuma aika a tuna mata da bashi, tunda haka tsarinmu ya ce.

Sai wata dattijuwa cikin masu riƙe makulli ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, littafinki ya gaya miki ba ta zo ba. Ya gaya miki mi ya hana ta?" Na rasa ta cewa. Ta ce a dakata da aiken, ita za ta je.

Da ta je ta tarar da yarinyar zaune a ƙuryar ɗaki, jariri na ta tsala kuka a kan gado ba ta ko waiwaye shi ba, ga tuwon jiya a rufe ba a taɓa ba. Mutanen gidan ba mugaye ba ne. Sun ga ba ta rawar jiki da yaron, suka ce kunyar ɗan fari ce, har suna yaba mata. Kun san al'adarmu, Hausawa da Fulani duka. Amma Inna ta haifi tara, ta san bambancin. Mai kunya tana kau da kai a gaban mutane, in an watse ta rungume abinta. Wannan ko an watse ba ta ɗaukarsa. Inna ta saɓa jaririn a kafaɗa, ta zauna, ba ta ambaci bashi ba. Sai a zuwa na uku yarinyar ta buɗe baki. Ta ce ba ta barci, ta ce ita ba uwar kirki ba ce, ta ce kullum dare tana kallon galan ɗin maganin feshi da ke bayan rumbu, tana ganin in ta sha kowa zai huta, har da masu binta bashi. Masu binta bashi mu ne fa. Ni ce na ce a aika.

A daren Inna ta sa aka ɗauke galan ɗin daga gidan, ta yi magana da uwar mijin, aka sa wata ta riƙa kwana da yarinyar. Kashegari aka kai ta asibiti. An tarar har jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ta sha magani, ta samu masu zama da ita, a hankali ta dawo. Bashin kuwa ta biya shi kaf, a wata takwas maimakon uku.

Bayan wannan ne aka tura mu horo a kan yadda ake sauraren mai damuwa, kuma a can na gane cewa abin da Inna ta yi da basirarta, masana sun yi shekaru suna bincike a kansa, suna koyar da shi a jami'o'i. Bari in ba ku kaɗan daga abin da na koyo, don ku san wannan magana tana da tushe.

Na farko, abin ba na mutum ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa irin namu, kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu tana shiga irin wannan ciwo na damuwa. Ku dubi tabarmar nan, mu 25 ne. Ku yi lissafin da kanku. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Daga nan in za a kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, sai an tsallake Kwara, a wuce Bagudo, a bi ta Jega, a shiga Sakkwato, sannan a isa. Kuɗin motar mutum biyu, zuwa da dawowa, ya fi zubin wata da yawa a cikinmu.

Wannan matsalar kuɗin mota ita ta tayar da wani likita a ƙasar Zimbabuwe, can kudancin Afirka, sunansa Dixon Chibanda. Shi da bakinsa yake ba da labari cewa a 2005 wata yarinya da yake yi wa magani ta kashe kanta a ƙauyensu. Da ya tambayi uwarta me ya hana su dawo da ita wurinsa a Harare, babban birnin ƙasar, sai ta ce ba su da kuɗin mota. Daga nan ya ce tunda marasa lafiya ba za su iya zuwa wurin likita ba, sai a nemo wanda ke zaune kusa da su. Ya duba, ya ga waɗanda ba sa barin unguwa su ne kakanni mata. A 2006 ya fara da tsofaffi 14 a wata unguwar talakawa mai suna Mbare. Aka koya musu yadda ake saurare da yadda ake taya mutum warware matsala, aka ajiye musu benci na katako a gindin bishiya a harabar asibiti. Shi ya sa ake kiran shirin Bencin Abota. Da aka zo auna amfaninsa, an bi mutum 573 a ƙananan asibitoci 24, aka fitar da sakamako a 2016. Bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna a benci, kimanin 14 cikin 100 ne suka rage da alamun ciwon. Cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba, kusan rabi suna nan da shi. Zama shida ne fa kawai.

Wani abu da ya burge ni, tsofaffin nan sun ƙi yarda da manyan kalmomin likita. Sun ce a yarensu na Shona sunan ciwon "kufungisisa", wato tunani ya yi yawa. Ashe ba haka muke faɗa ba? Kuma wadda ta gama zama shida ba sallamarta ake yi ba, ƙungiya take shiga, suna hira suna saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji suna sayarwa. Sun fara da hira suka ƙare da sana'a. Mu da sana'a muka fara, hirar ce ta rage mana.

A Pakistan ma an gwada makamancin haka a ƙauyukan Rawalpindi, inda aka koya wa mata ma'aikatan lafiya na unguwa yadda za su zauna da masu ciki da masu jego, ya yi amfani har Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi littafin koyarwa a 2015. Mu ma nan gida ba baƙon abu ba ne. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowane da ɗan'uwansa a tare, maimakon a kulle su. Shi kansa wannan akwati mai makulli uku, kun san daga ina tsarinsa ya fito? Daga Maraɗi, a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta zauna da matan karkara aka gina shi a kan adashin da suka gada, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Sunan Hausa ne, kuma yau ana binsa a ƙasashe da dama. In dubarar mata ta iya tsare kuɗi, za ta iya tsare mai zubin kuɗin.

To yaya ake yi? A nan nake so mu daɗe.

Mace ba za ta zo ta ce miki "ina da ciwon damuwa" ba. Cewa za ta yi kaina na yi mini nauyi, ƙirjina ya tokare, jikina duk ya mutu, wani abu na yi mini yawo a jiki, barci ya ƙaurace mini. Ta sha maganin shawara, ta sha na zazzaɓi, shiru. A ƙungiya kuwa ga yadda yake bayyana: wadda ba ta fashi ta fara fashi, mai barkwanci ta koma bakin tabarma ta yi tagumi, mai tsabta ta zo ba ko kwalli, mai lissafi ta fara ɓata ƙirga. Kowa yana da ranar ɓacin rai, wannan ba ciwo ba ne. Amma in abin ya wuce mako biyu, kullum haka, har ya hana ta aikin da ta saba, to labarin zuciya a tambayi fuska.

In kin je, ki je ke kaɗai ko ku biyu, ba tawaga ba. Ki nemi inda kishiya da yara ba za su ji ba, ko da a hanyar rijiya ne. Ki gaisa kamar kullum, sannan ki ce, "Na ga kwana biyu ba ki da walwala, me ke damunki?" Daga nan ki yi shiru. Wallahi wannan shirun ya fi komai wuya. A wurin horo an sa mu zauna biyu-biyu, ɗaya ta yi magana minti biyar, ɗaya kada ta katse ta. Ni ban kai minti ɗaya ba na ce "ai ni ma haka ta taɓa faruwa da ni." Malamar ta ce, "Kin ga kin ƙwace mata labari."

Akwai kalmar da muke saurin jefawa, "ki yi haƙuri." Ba na raina haƙuri, Allah Ya kiyaye, da shi iyayenmu suka riƙe gidaje. Amma in kin faɗe shi tun ba ta gama magana ba, abin da kunnenta ke ji shi ne "ya isa, rufe bakinki." Ki bari ta juye abin da ke cikinta tukuna, haƙurin zai samu wurin zama. Haka ma "wance ta fi ki shiga wahala," da "rashin tawakkali ne." Wadda ke ganin kanta ba ta da amfani, in kin ƙara mata da cewa imaninta ma da saura, kin ɗora mata dutse a kan kaya.

In ta gama, za ki ga matsalolin sun cukurkuɗe kamar zaren da kaza ta shiga: ga bashi, ga miji ba aike, ga uwar miji, ga yaro ba lafiya, ga rumbu ya yi ƙasa. Kada ki ce za ki warware duka. Ki jero mata su da bakinki don ta san kin ji, sannan ki ce, "A cikin waɗannan, wanne ne in ya sassauta za ki samu barci yau?" Ita za ta zaɓa, ba ke ba. Sau da yawa abin da ta zaɓa zai ba ki mamaki. Ke kina ganin mijin ne babbar matsala, ita kuwa ta ce kunyar haɗa ido da ma'aji ce ke hana ta fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai ki tambaye ta, "Me kike ganin za a iya yi? Wa zai iya taimakawa? Me kika taɓa yi a baya ya yi aiki?" Ku fitar da abu ɗaya ƙarami da za ta iya yi kafin mako ya zagayo, kamar ta zo taro ta zauna kusa da ke ko ba ta da zubi, ko ta roƙi ƙanwar miji ta riƙe mata yaro ta yi barcin rana. Ki faɗa mata ranar da za ki dawo, kuma ki dawo. In ta yi, ki yaba. In ba ta yi ba, babu faɗa, ku sake dubawa ko abin ya yi mata girma.

Abin da ta faɗa miki kuma amana ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ka'oje ƙaramin wuri ne, magana in ta fita da hantsi, kafin la'asar ta kai Tsamiya ta dawo da ƙari. Ranar da sirrin mace ɗaya ya fita daga wannan tabarma, babu wadda za ta sake buɗe baki, kuma ina gaya muku har zubin sai ya ja baya.

Wuri ɗaya ne amana ba ta hana ki magana ba, shi ne in rai na cikin haɗari. In ta ce gara ta mutu, ko ta gaji da duniya, kada ki ce "a'uzubillahi, daina faɗa" ki tashi. Ki tambaye ta kai tsaye, "Kin taɓa tunanin kashe kanki? Kin yi tunanin da me?" Na san da nauyi a baki. Amma bincike ya nuna tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. In ta ce e, ki gaya mata ba za ki iya riƙe wannan ke kaɗai ba saboda kina son ranta, ku zaɓi wanda za a faɗa wa a gidan. Kada a bar ta ita kaɗai. A kawar da maganin feshi, da na ɓera, da tarin ƙwayoyi. Mu manoma ne, guba a bayan ɗaki take, kuma sau da yawa tunanin na ɗan lokaci ne, in babu abin a kusa sai ya wuce. Sannan a kai ta asibiti a ranar.

Haka nan in mai jego ta kwana biyu uku ba ta runtsa ba, tana surutai, tana jin muryoyin da babu, tana tsoron jaririnta ko tana cewa za ta yi masa wani abu, wannan ya wuce hira. In ga zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, ko jijjiga, wannan ma gaggawa ce. Mu ba likitoci ba ne, ba ma ba da ƙwaya, ba ma sa wa ciwo suna. Mu masu gani da wuri ne, masu rakiya. A fara da asibitin da ke kusa, su za su duba jini da zazzaɓi, in ya fi ƙarfinsu su tura Birnin Kebbi ko Kware.

Na san abin da ke ran wasu: in iska ce fa? In sammu ne? Ba zan yi gardama da kowa a kan wannan ba, kuma ban ce a bar addu'a ba. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun yi bincike a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, aka buga a 2020. Sun haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan asibiti suka yi aiki tare a kan masu taɓin hankali, sai aka ga waɗanda aka haɗa musu biyun sun fi samun sauƙi. Don haka a yi addu'a, a kuma je asibiti. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne duka, da ɗauri da mari, da hana abinci. Tun watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tabbatar wa mai wannan ciwo haƙƙinsa na a kula da shi da mutunci.

Yanzu ga abin da nake roƙo ku tattauna, tunda tsarin ƙungiya naku ne, ba nawa ba. Ina ganin mu ƙara a dokarmu cewa duk wadda ta yi fashi sau biyu a jere ba aike, ba za a rubuta mata tara ba sai an tura wata ta gaishe ta. Ban ce a soke tara ba, akwati ba ya tafiya sai da doka, kuma akwai mai fashi don ganin dama. A dai fara da gaisuwa. Asusun taimako kuma, da muke buɗewa don haihuwa da rasuwa da gobara, ya kamata ya ɗauki kuɗin motar kai mai wannan ciwo asibiti, ba tare da an tsaya ana bayyana wa kowa dalili ba. Shugaba da ma'aji su sani ya isa. Wadda bashi ya kayar kuwa a zauna da ita a gefe a sake yanka mata lokaci. Kiran sunanta a tsakiyar taro bai taɓa fito da ko naira ɗaya ba.

Sai kuma mu zaɓi mata biyu masu sauraro. Ba sai masu karatu ba, ba sai masu baki ba. Ku nemo waɗanda kuka san magana in ta shiga cikinsu ta kwanta, kuma a samu mai jin Fillanci, in da hali da mai jin Dandanci, domin mace ba ta iya kuka da harshen aro. Ni zan riƙa zama da su sau ɗaya a wata mu yi gwaji, mu kuma sauke wa juna nauyi, don mai ɗaukar damuwar mutane ita ma tana gajiya.

Akwai aikin da nake so ku taya ni. Binciken da na ambata muku an yi shi ne da harshen Shona da na mutanen Pakistan da Yarabanci. Ina so mu tattara namu kalmomin. Mako mai zuwa kowace ta zo mini da yadda kakarta ke faɗin wannan hali, da Hausa ko Fillanci ko Dandanci, da abin da ake yi wa mai shi a da. Zan rubuta kalmomin kawai, babu sunan kowa. In kuma wata rana baƙi suka zo da takardun tambayoyi, ku sani kuna da ikon tambayar su me za a yi da amsar, kuna da ikon cewa a'a, kuma ƙin amsawa ba zai taɓa zubinku ko rancenku ba.

Gwaggo, na ga kin ɗaga hannu tun ɗazu, ke za ki fara in an gama zubi. Sakatariya, kafin ki kira suna, duba mana littafi ki gaya mana su wa ba su zo makon jiya ba kuma yau ma ba mu gan su ba. Masu makulli, bisimilla, ku matso.